Kufan Girimsfaun a Ƙasar Ingila

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa labarin wani kufai da na gano a tudun Datmuwa, cikin lardin Debon, kudu maso yammacin Ingila. Sunansa Girimsfaun.

Wurin yana bisa tudu, tsayin ƙafa wajen 1,500, ba itace ba inuwa, sai iska da tumaki. Da na iso sai na tarad da ganuwa ta duwatsu ta kewaye fili kamar eka 4, a cikinta kuwa ga gindin ɗakuna 24, dukansu zagayayyu. Na shiga ɗaya na zauna. Wallahi in da an ɗora masa jinka, da sai in ce ɗakin kakata ne! Ga wurin murhu, ga dakalin kwanciya, ƙofar kuma an yi mata 'yar katanga lanƙwasasshiya don kada iska ta faɗo ciki kai tsaye. Har wani ɗan rafi ya ratsa ta gefen garin, watau ba su sha wahalar ruwa ba. Masana sun ce an yi ginin fiye da shekara 3,000 da suka wuce, makiyaya ne suka zauna, sa'an nan sanyi da damshi suka yi yawa, ƙasa ta ƙi amfani, suka tashi.

To, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kufan ya tsira. Dā manoma da masu gyaran hanya sukan kwashe duwatsun irin waɗannan kufai na Datmuwa su yi shinge, don dutsen da wani ya riga ya tara ya fi sauƙin ɗauka. A 1882 aka fara kafa dokar tsare kayan tarihi a Ingila, a 1894 kuma masu bincike suka tona Girimsfaun, har suka ta da bangon ɗaki guda. Wannan gyara nasu ni dai bai gamshe ni ba, gama yanzu baƙo ba ya rarrabe aikin mutanen dā da nasu. Bisa dokar 1979, wanda ya ɓata wurin da aka sa cikin lissafin hukuma ya yi laifi, sai kotu. Amma ba mai gadi, ba a kuwa biyan ko kwabo a shiga.

Na yi sa'a guda a can, hazo ya taso ya rufe tudun, na sauko ina lalube.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta