Sabon Inji a Tsohuwar Hilux

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hirar masu motocin ɗauko goro a nan Sabo ta Shagamu ba ta wuce ta canjin inji. Mu ma abin ya shafe mu. Hilux ɗinmu mai fowil, wadda ke shiga ƙauyukan Remo da Ijebu komai taɓon damina, da inji 22R ta zo, mai kafireta. Ya yi mana aiki, Allah Ya sani, amma ya kai ga shan baƙin mai kamar ana zubawa a rariya. Mota kuwa in ta kwanta sati biyu a kakar goro, manomin da ka yi shekaru kana saye a hannunsa ya koma wa wani.

Kowa cewa yake, "Malam, ku sa mata dizal kawai." To, dizal ai tun da can babu tallafi a kansa, ba arha ba ne. Abin da ake nema a inji irin 3L ko 5L shi ne ƙarfin ja a laka, da ƙarancin sha.

Sai dai kuɗin da za a faɗa maka a kasuwar Ladipo ta Legas kuɗin inji ne tsurarsa. Inji da giya kamar aure ne, sai baki ya zo ɗaya. Ƙoƙon da ke haɗa 22R da giya bai dace da 5L ba, sai an nemo nasa, da kulocinsa. Kujerun inji sai mai walda ya gyara musu zama. A wanke tanki tas, a sa babban batir, a ja wayar hita. Birki ma sai an duba, don mai dizal da ɗan famfo na daban yake samar masa iskar da ke sa shi laushi.

Ga kuma wanda ya fi kama mutane. Da yawa daga cikin injunan tokumbo na wannan jinsi daga bas Hiace ake ciro su. Kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashinsu ba don mai fowil aka yi shi ba, yana iya zama daidai kan aksul na gaba. Rami ɗaya a hanyar gona, ƙarfe ya daki ƙarfe, mai ya tsiyaye a daji. Bakaniken da bai tambaye ka daga wace mota injin ya fito ba, ɗauki hularka ka yi gaba.

Mu dai da muka yi lissafi da Baba bakanike, Bayarabe ne, ya girme mu a garin nan, 5L muka ɗauka, muka sa aka tayar da shi a gabanmu kafin mu biya.

Saura takarda. Lambar tsohon inji ce a takardun mota, sabon kuma da tasa. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar da adireshin shago, a je ofishin lasin a gyara kafin a hau titin Ibadan. Bahaushe a nan baƙo ne ko da a nan aka yanke masa cibi, kada a shingen 'yan sanda a ce injin na sata ne. In kuma ranar sayar da motar ta zo, a gaya wa mai saye abin da aka sauya. An sha kawo mana irin wannan ƙara a zauren masallaci bayan la'asar, mutum ya je sayen kayan 22R ya tarar ba shi ne a motarsa ba.