Motar da ta kwanta a bakin kwalbati

Wannan karon ba maganar kasuwa muka zo da ita ba, labarin motar gidanmu ne, kuma mun san wasunku sun gan ta a tsaye kwana biyu a bakin kwalbatin layinmu.

Corolla ce tokumbo, mu da babban ɗanmu muka haɗa kuɗi muka saya. Da safe ta kai mu Bodija, da yamma tana hannunsa. Wata rana muka fito sai muka ga motar kamar ta durƙusa. Muka ce, "Kai, taya ce ta sace?" Ya yi dariya ya ce, "A'a Baba, sifirin na canja mata, gajeru na sa. Haka ake yayi yanzu, kuma ta fi kama titi a kwana." Gaskiya ta yi kyau a ido. Muka yi shiru, don mun ɗauka abin ado ne kamar sitika.

Ya ce inci ɗaya da rabi kawai aka rage, wato kusan santimita 4. A baki ba wani abu ba ne. Amma bayan mako biyu sai muka lura ta ƙara yin ƙasa, kuma duk tudun rage gudu da muka hau sai mun ji ƙarfe ya karci siminti. Yaron ya koyi hawan tudu a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, masu okada na bayanmu suna ta hon.

Sai ranar da aka buga mana ƙofa wajen ƙarfe biyun dare. Matar maƙwabcinmu ce naƙuda ta zo mata da gardama. Kun san yadda layinmu yake, gidajen da ke da mota ba su da yawa, kuma ba a tambayar mai mota ko ya yarda, ana dai tashinsa ne. Mutum biyar muka shiga da jakar kayan haihuwa. Muna hawa kwalbati muka ji ƙara a ƙarƙashi, ba mu yi nisa ba jar fitilar mai ta kama. Kwanon da baƙin mai ke taruwa a ƙasan inji ne ya fashe. Dole aka kashe mota nan take, in ba haka ba inji ya tafi. Muka tsaya a titi da mace tana murƙususu, har Allah ya kawo wani mai Keke Napep da ya kwana a kusa. Ta sauka lafiya, an samu 'ya mace. Amma mintunan da muka yi a tsaye a wurin nan ba za mu manta da su ba.

Da aka ja motar zuwa gareji, makanikenmu, wani dattijo Bayarabe da muka shekara ashirin tare, ya duba ya girgiza kai. Ɗanmu ya ce, "Baba, ba za a ɗan ɗaga ta ba, a bar sifirin ɗin?" Ya ce, "Da me? Wannan irin ba shi da wurin juyawa. Tsawon da aka ƙera shi da shi, shi ke nan." Sannan ya juyo wurinmu ya ce, "Alfa, zauna in nuna maka."

Abin da muka koya a zaman nan shi ne dalilin wannan rubutu. Sabon sifirin yakan ɗan zauna bayan an yi kwanaki ana hawa, shi ya sa muka ga ta ƙara yin ƙasa. Don haka ba a yanke hukunci kan tsayin mota ranar da aka ɗaura. In za a auna, a samu shimfiɗaɗɗen wuri, a daidaita iskar tayoyi, a sauke kaya, sannan a ja tef daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi, ƙafa huɗun duka. Da ya auna tamu sai ga hagu ta gaba ta fi dama tsayi. Ashe wanda ya yi aikin bai zaunar da bakin sifirin a gurbinsa ba. Kuma ya ɗaure notocin ƙafa tun motar na kan jak, alhali sai an sauke ta nauyinta ya hau tayoyi ake ƙarasa ɗaure su, in ba haka ba robobin ciki suna zama a murɗe har su yage.

Ya nuna mana tayoyin gaba, cikinsu ya fara cinyewa, wajensu kuwa kamar sabo. Ya ce duk lokacin da tsayin mota ya canja, tsayuwar taya ma ta canja, dole a je a yi alaimen, a kuma sake saita fitilun gaba. Shokozoba ma tana wahala, don an rage mata wurin motsi, ga ramukanmu na damina.

Hanya uku ya ba mu. Ko a sa roba mai kauri a kan sifirin ta ɗan ɗaga motar, wanda ya ce rabin magani ne. Ko a sayi irin shokozobar da ke haɗe da sifirin mai zare a jiki, wadda ake juya zobenta a ɗaga ko a sauke yadda ake so, amma kuɗinta ba na ɗan tireda ba ne. Ko kuma a koma irin wanda kamfani ya sa. Ya ja kunnen yaron kada ya taɓa yarda wani ya yanke masa sifirin ko ya gasa shi da wuta, don ƙarfen yana mutuwa, yana iya karyewa ana cikin tafiya. Tsofaffin namu an riga an sayar, sai da muka je Gate muka sayo wasu huɗu.

A hanyar dawowa mun so mu yi faɗa, sai muka tuna da kanmu. Muna samari mun yi a-kori-kura Fijo 504, muka ƙara mata ganyen sifirin a baya don ta ɗauki buhunan albasa fiye da ƙima. Ta daina durƙusawa, amma birki bai ƙaru ba, kuma sau ɗaya ta kusa kai mu lahira a gangaren Mokola. Shi ya sauke don ado, mu mun ɗaga don riba. Laifi tudu ne, mun hau namu muna hango nasa. Muka ba shi wannan labari maimakon faɗan, ya yi shiru, can ya ce, "Baba, ni zan biya kuɗin gyaran." Muka bar masa wilinsa masu ƙyalli, waɗannan ba su hana kowa zuwa asibiti.

Samarinmu masu sha'awar sauke mota, ba mu ce haramun ba ne. Amma kafin ku je gareji, ku cika motar da mutum biyar ku bi layinku tun daga ƙofar gida har bakin titi, ku ji abin da ya rage tsakaninta da ƙasa. Kuma ku adana tsofaffin sifirin ɗinku. Ranar suna, da Corollar aka ɗauko kakar jaririyar daga tasha, ta haye kwalbatin nan ba ƙara. Allah ya raya yarinya, ya tsare mu a hanyoyinmu.