Takardar Mai Goge Na Uku

Makarantar koyon kiɗa ta birnin Faris, wadda aka kafa a 1795, ta sha ɗaukar kaya. A 1911 ta koma titin Madrid, a 1990 kuma ta tattara ta nufi unguwar La Villette, inda Christian de Portzamparc ya zana mata sabon gini. Laburarenta na yanzu yana ɗauke da sunan Hector Berlioz, mashahurin mai tsara kiɗa wanda ya ci abinci da aikin kula da littattafan makarantar har ya mutu a 1869. Idan ana labarin irin wannan ƙaura, gini ake nunawa a hoto, da fitilu da sabbin kujeru. Ni kuwa abin da ke jan hankalina kwalayen ne, da abin da ke zamewa daga cikinsu.

Manyan kayan ba a jin tsoron ɓatansu. Rubutun hannun Mozart na wasan Don Giovanni, wanda mawaƙiya Pauline Viardot ta saya a Landan a 1855 ta kuma ba makarantar kyauta a 1892, yana da akwatinsa na katako, yana da masu tsaronsa. Shi da sauran tsofaffin takardu an damƙa su ga babban laburaren ƙasar Faransa tun 1935, aka kwashe su zuwa titin Louvois a 1964. Ba wanda zai bar irinsu a bayan mota. Abin da ke salwanta a ranar kwasar kaya shi ne 'yar siririyar takarda mai shafi shida, wadda ba ta da bango, ba ta da suna a gefe.

Littafin tarihi ko na lissafi guda ne, a ɗauke shi a ajiye. Takardar kiɗa ba haka take ba. Kiɗan da aka rubuta wa mutum huɗu masu gogen Turawa yakan zo ne a takardu huɗu, kowane makaɗi da tasa, an zura su a aljihun bango ɗaya. Ta mai goge na uku, mai muryar tsakiya da ake kira biyola, in ta faɗo a matakala, sauran ukun sun zama nauyin banza. Tukunyar da murfinta ya ɓata a tashin gida tana nan tana dafa tuwo, amma wannan kiɗa ba zai kaɗu ba sai an samo ta huɗun. Na babbar ƙungiyar makaɗa kuwa abin ya fi haka: masu sarewa da tasu, masu ƙaho da tasu, mai tambura da tasa, masu goge biyu-biyu suna kallon takarda ɗaya. Shi ya sa ma'aikacin laburaren kiɗa ba ya karɓar abin da aka aro sai ya buɗe ya ƙirga a gaban mai maidowa. A lokacin ƙaura wannan ƙirgar ce ake yi sau biyu, kafin a rufe kwali da bayan an buɗe shi, kuma ɗan dakon da ake biya bisa yawan kwalaye ba shi da haƙurin jiranta.

Sai matsalar suna. Marubutan littattafai sukan yi ƙoƙarin raɗa wa kowane aiki sunansa. Masu tsara kiɗan Turai na dā ba su damu ba. Beethoven yana da sonata 32 na piyano, Domenico Scarlatti yana da 555, Haydn yana da simfoni 104 masu lamba, mafi yawansu ba su da wani suna sai lambar. Har sai da wani Ludwig von Köchel ya zauna ya jera ayyukan Mozart ya ba su lambobi a 1862, su ake amfani da su har yau. Saboda haka jerin da ke kan kanta shi ne rayuwar laburaren. Takardar da aka cusa a wurin da ba nata ba tana cikin ginin, amma ta ɓata, wataƙila na shekara da shekaru. Masu gwaninta sukan kwashe kanta ɗaya-ɗaya daga hagu zuwa dama, su lamba kwali, su hana kowa cike gurbin da ya rage a kwali da kayan wata kanta, ko da hakan zai ƙara yawan sawun mota.

Kantocin ma sai an sake aunawa. Takardar kiɗa ta fi littafi tsayi da faɗi, domin daga nesa ake karanta ta, hannu yana kan kayan kiɗa, kuma ba ta iya tsayuwa da kanta, lanƙwashewa take yi. Mai zanen gini da ya ba da odar kantocin laburare na yau da kullum zai ji a jikinsa ranar da aka zo jerawa. Faya-fayen garmaho kuma a tsaye ake ajiye su, suna da nauyin tsiya, tsofaffin cikinsu masu juyi 78 a minti suna fashewa da ƙaramar gwaruwa. Tsohon tef ɗin naɗi ba ya son laima, sai ya yi danƙo ya manne. Kuma na'urar sauraronsu dole a tafi da ita, duk da cewa a idon mai gyaran gini tarkace ce.

Jinkiri ma yana da nasa haɗarin. A Weimar ta Jamus, laburaren gimbiya Anna Amalia ya kama da wuta ranar 2 ga Satumba 2004, saura 'yan makonni a kwashe kayansa zuwa sabuwar ma'ajiya. Littattafai kusan 50,000 suka ƙone, har da mafi yawan takardun kiɗan da gimbiyar ta tara. A 2005 wani mai bincike, Michael Maul, yana duba wani kwali da aka riga aka fitar zuwa wurin masu gyaran takarda kafin gobarar, ya ci karo da waƙar da Bach ya rubuta da hannunsa a 1713, shafi biyu kacal, wadda ba a san da ita ba.

Akwai kuma fensir. Makaɗi ba ya rubutu da biro a takardar kiɗa. Da fensir yake nuna inda zai ja numfashi, da yatsan da zai danna, da inda bakan goge zai hau ko ya sauka. Dokar laburare ta ce a goge kafin a maido, amma ba kowa ke gogewa ba, kuma gara da ba a goge ba. Lokacin ƙaura ne ake tace kaya, a ce wannan kwafin ya tsufa, ga shi a intanet kyauta, a fitar da shi a samu wuri. Gaskiya ne shafin IMSLP, da aka buɗe a 2006, ya tara ɗimbin tsofaffin takardun kiɗa, ɗalibai da yawa ma daga allon hannu suke karantawa yanzu. Sai dai kwafin da ke intanet ba ya ɗauke da zanen malamin da ya koyar da wannan kiɗa shekara talatin a wannan makaranta. Kafin a jefa tsohon kwafi a kwalin zubarwa, ya kamata a kira wani malami mai koyar da goge ko piyano ya buɗe shi shafi-shafi.