Ruwan Bazata a Gadar Ohashi

Na daɗe ina ɗaukar cewa yanayin hoto daga launinsa yake fitowa, har sai da na tsaya kan zanen Hiroshige na 1857, inda hadari ya rutsa da masu ƙetare gadar Ohashi a birnin Edo. Siraran layukan ruwan kashi biyu ne, kowanne da karkatarsa, suna gitta juna. Da duk a miƙe suke, da yayyafi kawai zan gani. Gadar ta karkace, gaɓar kogin Sumida ta karkace ta ɗaya ɓangaren, har idona ya rasa mafaka kamar masu gudun. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mai tuƙa gungume a tsakiyar kogin, domin shi ko gudun ma ba shi da halin yi.