Tikitin Inna

Mu huɗu ne 'ya'yan Inna, kuma shekara biyu muka yi muna zubin adashe don mu kai ta Umra. Da kuɗi suka cika muka yanki tikiti ta hannun wani ejan a nan Dutse, tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda. Duk Limawa babu gidan da ba ta shiga sallama ba.

Saura kwana uku tafiya jininta ya hau, ɓarin jikinta na hagu ya saki. Likita ya ce maganar hawa jirgi ba ta taso ba.

Ranar babu wanda ya tuna da tikiti sai autarmu. A barandar asibiti ta dubi babbanmu ta ce, "Yaya, a kira ejan a soke tun jirgi bai tashi ba." Muka yi mata caa: uwa na kwance, ke kina lissafin kuɗi? Ashe ita ce mai hangen nesa. In jirgi ya tashi ba ka soke ba, cikin waɗanda ba su zo ba za a sa ka, tara ta ƙaru, wani tikitin ma ya mutu ɗungurum.

Da farko ejan ya ce tikitin mai rahusa ne, ba a mayar da kuɗinsa. Kawu ya ce mu bar wa Allah. Mun so mu bari, don kunya muke ji a ce muna bin kuɗin ibada. Amma gashin ƙashin Inna kullum kuɗi yake ci.

Sai muka karɓo takardar likita mai hatimi da kwanan wata, wadda ta faɗa ƙarara cewa ba za ta iya tafiya ba. Muka daina kiran waya, muka koma rubutu, muna ajiye kowace amsa. A nan muka gane cewa ko tikiti mai rahusa akwai haraji a cikinsa da akan mayar in ba a yi tafiyar ba, kuma hukumar NCAA tana da sashen karɓar koken fasinjoji. Da muka ambaci haka, magana ta canza.

Bayan mako bakwai aka dawo mana da fiye da rabi. Da kuɗin Inna ta sake koyon takawa.

Jiya ta kai bakin zaure da sandarta, ta ce mu sake ɗaura adashen. Wannan karon a hannun auta muka damƙa shi.