Motar da Ba Ta Shan Ruwa

Duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya a tsohuwar mota ya san galan ɗin ruwan nan da direba yakan ajiye a ƙarƙashin kujera. In inji ya yi zafi sai a tsaya a bakin hanya, a jira lagireto ya huce, a ɗura masa ruwa. Amma akwai wani irin inji wanda ba shi da lagireto sam, iska kaɗai ke sanyaya shi. Dattawan Jos da Kaduna da Zariya za su tuna da Bitil ta kamfanin Volkswagen, mai inji a baya, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975. A ƙasashen da Faransa ta yi wa mulki kuwa, wadda aka fi sani ita ce ƙaramar Citroën da ake kira 2CV, watau "dawaki biyu". An fara nuna ta a Faris a 1948, aka kuma daina ƙera ta a 1990.

Wannan mota tana da 'yar'uwa wadda aka haifa a Afirka ta Yamma. A 1963 waɗansu Faransawa biyu, Letoquin da Lechanteur, masu wata maƙera a Abijan mai suna Ateliers et Forges de l'Ébrié, suka ɗauki shasi da injin ƙaramar Citroën, suka ɗora musu bodi na fallayen ƙarfe. Lanƙwasa ƙarfen kawai ake yi a ɗaure da noti, ba a bukatar walda ko manyan injunan matsa ƙarfe. Suka sa mata suna Baby Brousse, wato 'yar daji. Ta karɓu har kamfanin Citroën ya sayi izinin ƙera ta a 1969, daga baya aka yi irinta a Iran da Biyetnam da Girka da Chile, kowace ƙasa da sunan da ta ba ta. A yau mutum zai yi shekara yana yawo a Abijan bai ga ko ɗaya a kan titi ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka rage wani saurayi ne ya same ta a 2018, ɗan wajen Maraɗi, mai shekara ashirin da uku. Yana aiki ne a rumfar kawunsa a unguwar Adjamé, ba nisa da babbar tashar mota. Garba suke sayarwa, abincin nan na tsakin rogo da ake kira aceke, da soyayyen kifin tuna da barkono da albasa. 'Yan Nijar ne suka yi suna da wannan sana'a a Kwaddibuwa, har ana cewa daga sunan nan namu na Garba abincin ya samo nasa. Aikin saurayin shi ne ya tashi da asuba ya haye gada zuwa Treichville, inda tashar jiragen ruwa take, ya sayo kifi, ya biya kuɗin tasi a kawo shi. A hanyar nan ce ya riƙa ganin motar a bayan wani gareji. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji suna kwana a kujerarta.

Mai garejin tsoho ne, mutumin Damagaram, wanda ya zo Abijan tun yana yaro. A kan irin waɗannan motoci ya koyi aiki. Motar ba tasa ba ce, ta wani ce da ya kawo gyara, ya rasu bai dawo ya ɗauka ba. Da saurayin ya tambayi kuɗinta, tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Samari, ka taɓa riƙe sifana?"

"A'a, Baba."

"To, madalla. Da ka taɓa riƙewa da na sha wahalar raba ka da abin da ka sani."

Kuɗin da zai saya da su ba kuɗin banza ba ne. Shekara uku yana zuba adashi, kawun yana ajiye masa, domin aure a gida bayan damina. Da ya faɗa wa kawunsa abin da yake so ya yi, kawun bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo ya yi, wato dariya. Sa'an nan ya ce, "Ɗana, kuɗinka ne. Amma ni zan gaya wa uwarka cewa amaryarka ta koma tsatsa? Na ba ka shekara guda. In ba ta tashi ba, ka sayar wa masu awon ƙarfe, ka dawo gaban kasko, kada in ƙara jin maganar mota."

Kawun yana da gaskiyarsa. Yawancin waɗanda suka fara irin wannan aiki ba su gamawa. Kwance mota abu ne na kwana uku, mai daɗi kuwa, gama kowane noti da ya fita mutum yana ganin kamar ya ci gaba. Mayar da ita shi ne aikin. Garejojin Abijan, kamar na Kano, cike suke da motocin da aka kwance da zumuɗi, kayansu suka watse cikin kwanduna har aka manta wanne ne na wacce.

Saurayin ya zo ranar farko da maganar fenti a bakinsa. Shuɗi yake so. Tsohon bai amsa ba, sai ya miƙa masa guduma ƙarama ya ce ya kwanta a ƙarƙashin motar, ya bi shasin yana ƙwanƙwasawa daga gaba har baya, ya saurara. Inda ƙarfe yake da rai yakan yi amo. Inda ya mutu sai ka ji kamar an bugi busasshen kwali. Daf da bayan ƙafafun gaba gudumar ta shige ciki. Shasin wannan mota kamar akwati ne mai faɗi, rufaffe, ruwa yakan shiga ya kwanta, tsatsa ta ci shi daga ciki tun ba a gani daga waje. In ya yi rauni a wurin nan sai ya lanƙwashe, sitiyari ya yi nauyi, wata rana kuma motar ta durƙusa da kaya a kanta. Abijan kuwa gari ne na tsatsa. Treichville tana kan tsibiri, tafkin Ébrié ya kewaye ta, iskar teku tana ɗauke da gishiri, ruwan watan Yuni kuma ba ya wasa. Motar da za ta yi shekara talatin a Maraɗi ƙarfenta garau, a nan sai ta zama rariya.

Amfanin ƙirar mutanen maƙerar nan ya fito a nan. Tun da bodin da noti aka ɗaure shi, cikin kwana biyu suka ɗage shi suka jingine a bango. Aka kira mai walda ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya sa sabon ƙarfe, tsohon yana tsaye a kansa da zare yana awo daga kusurwa zuwa kusurwa, domin kada shasin ya karkace. Wannan aiki kaɗai ya cinye kuɗin fenti har da na kujeru.

Injin ne ya saye zuciyar saurayin. Silinda biyu ne kawai, suna kwance, ɗaya na duban dama ɗaya hagu, girmansu duka sisi 602. Mutum biyu suna iya ɗaga shi su ɗora a tebur. Jikin kowace silinda yana da haƙarƙari na ƙarfe jere da juna, domin iska ta ratsa ta kwashe zafi. Fankar da ke hura iskar a bakin sandar injin take, suna juyawa tare, saboda haka ba fambel da zai tsinke ya bar injin ba iska, kamar yadda yakan faru da Bitil. Ba famfon ruwa, ba tiyo, ba gaskit tsakanin silinda da murfinta. Ba ma abin da ke rarraba wuta, gama fulogi biyun tare suke kawo wuta, ɗaya ta yi aiki ɗaya ta tafi a banza. Mai koyo yana iya bin mai da idonsa daga tanki har kafireta, ya bi wuta daga batir har fulogi, ba abin da ya ɓuya masa cikin akwatin lantarki. A wannan fanni babu makarantar da ta fi irin wannan inji. Sai dai ga wata 'yar wahala: tsohon da sunayen Faransanci ya san kaya, fulogi a wurinsa buji ne, littafin da saurayin ya samu kuwa hotunansa kaɗai yake iya karantawa da kyau.

Da suka cire fankar sai suka ga abin da ya kashe motar tun farko. A bayanta akwai wani ɗan raga na ƙarfe wanda baƙin mai ke bi ta cikinsa ya huce. Ƙura da maiƙo sun toshe shi tamau, zanzaro kuma ya yi gidaje a tsakanin haƙarƙarin silinda. Tsohon ya ce mutane sukan ce wannan mota ba ta shan ruwa, sai su ɗauka ba ta bukatar kome. Alhali baƙin mai ne ruwanta. In ragar nan ta toshe, mai ya yi zafi ya tsinke, fistin ya kama, shi ke nan. Ba tururi da zai tashi ya gargaɗe ka kamar a motar ruwa. Saurayin ya yi kwana huɗu yana wanke ragar da kananzir da tsinken tsintsiya.

Sa'an nan aka shiga neman kaya, wanda ya fi kowane sashe cin rai. A lokacin, kasuwar tsofaffin kayan mota ta Adjamé tana da duk abin da mutum yake so na Toyota da Peugeot da Marsandi, tuli a kan tuli. Da ya ambaci sunan motarsa, samarin da ke jiran shaguna sai su yi dariya su kira iyayen gidansu su zo su ji. Wani dattijo ne ya tono masa kafireta daga ƙasan wani buhu, wani kuma ya ba shi kwayil. Abin da ya cece shi shi ne Citroën ta yi amfani da inji iri ɗaya a motoci da yawa, 2CV da Dyane da Ami da Méhari, kuma har yanzu ana ƙera kayansu sababbi a Turai domin masu sha'awa. Fistin da silinda da zobba daga Faransa suka zo, a jakar wani ɗan kasuwa, bayan wata biyu da rabi ana jira. Tsohon ya kuma ja masa kunne a kan man birki. Waɗanda aka ƙera daga baya kore suke sha, tsofaffin kuwa na kullum, in aka haɗa su robobin birki za su lalace.

Duk wannan da yamma ake yi, bayan an tashi daga kasko. Hannuwansa suna warin kifi da safe, da dare suna warin kananzir. Damina ta wuce. Labari ya zo daga gida cewa iyayen yarinyar sun ce za su jira har girbi na gaba, amma ba za su wuce nan ba.

A wata na takwas suka haɗa injin. Tsohon ya koya masa awon bawul da siririn ƙarfe, milimita 0.20, inji yana sanyi, ya sa shi ya maimaita har sai da yatsunsa suka gane yadda ƙarfen yake ja kaɗan in awo ya yi daidai. Batir ɗin aro suka sa, shi ma ba ƙarfi, sai tsohon ya ɗauko hannun tayar da inji, ya zura ta gaba, ya nuna masa yadda zai riƙe kada ya karya masa babban yatsa. A juyi na shida ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta kama. Kaji suka watse. Tsohon bai ce kome ba, ya tsuguna ya sa tafin hannu inda iska ke fita, yana ji ko tana fitowa daidai ta kowane gefe.

Mota mai tashi ba ita ce mota mai hawa titi ba. Katin motar da sunan marigayin yake, sai da aka nemo magadansa a wata unguwa, aka yi ta zirga-zirga kafin su sa hannu. Da an bi ta hankali, da wannan aka fara kafin a kwance noti ɗaya, gama da sun ƙi, duk wahalar ta tashi a banza. A wurin gwajin lafiyar motoci aka mayar da ita karo na farko saboda birkin hannu, ta wuce a na biyu. Shekarar da kawu ya yanka ta riga ta cika da mako bakwai, amma bai ta da maganar ba.

Ranar da ta fara aiki, a 2019, kwali shida na kifi ta ɗauko daga Treichville. Ta haye gadar Houphouët-Boigny tana rangaji a kowace kwana kamar za ta kife, yadda irinta suke yi ba su kuwa kifewa, direbobin tasi suna danna mata ham. Kawun ya fito daga rumfa yana goge hannu, ya zagaya ta sau biyu. Ya taɓa wurin waldar, ya leƙa inda giya ke fitowa daga gaban direba kamar mariƙin laima.

"Nawa ta sha daga can zuwa nan?"

Saurayin ya faɗa masa. Kawun ya yi lissafi da yatsu, ya kwatanta da kuɗin tasi.

"Masu rumfa uku na layin nan su ma tasi suke biya," in ji shi. "Gobe ka tambaye su. Ka kuma sa tabarma a bayan nan, ruwan kifi gishiri ne."

An ɗaura auren bayan girbi, da kaya kaɗan fiye da yadda aka shirya da fari. Saurayin ya dawo Abijan ya ci gaba da dakon kifi da asuba, da rana kuma yana garejin tsohon, inda aka fara ba shi kafireta ya wanke shi kaɗai. Fentin shuɗi kuwa sai a shekara ta biyu aka yi shi, da buroshi.