Fom Bai San Asma'u Ba



Mu mutanen Karaye da Rogo, sunanmu a gida daban, a fom ɗin intanet daban. Asma'u ta rubuta sunanta, gurbin ya yi ja, dole ta koma Asmau. Sa'idu ya zama Saidu, Ɗanladi ya rasa lanƙwasarsa. Gurbin sunan iyali ya fi ba mu wahala, don mun saba haɗa sunan mutum da na mahaifinsa ko na garinsu. A wata takarda Musa, a wata Rogo, alhali mutum ɗaya ne.

Lambobi ma suna da tarkonsu. NIN guda 11 ce, BVN 11, lambar waya ma 11. Amma in fom ya riga ya sa +234, sifilin farko fita yake, saura 10. A Brazil, lambar shaidarsu ta CPF ita ma 11 ce, biyun ƙarshe kuma lissafin taran farko ne, don a gano kuskure nan take. Suna ba shi da irin wannan mai gadin, sai idonmu.

Tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da NIN. Harafi ɗaya ya saɓa tsakanin takardu, ƙanenmu ya yi ta zarya gyaran suna.

Mu da muka iya alƙalami, mu ne masu cike wa dangi fom. Mu tsayar musu da jerin suna ɗaya, mu karanta musu shi da ƙarfi kafin a tura. A labaranmu kuwa, a bar wa Asma'u cikakken sunanta.